Maganin hawan jini ga mai wankin ƙoda: wanne ke karya allurar EPO, wanne ke barin ta ta yi aiki?

Da wuya mai wankin ƙoda ya tsira daga abu biyu: hawan jini da ƙarancin jini. Hawan jinin galibi daga ruwa da gishirin da ƙoda ta daina fitarwa yake zuwa. Ƙarancin jinin kuwa saboda ƙoda ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin erythropoietin, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Idan ƙoda ta gaza, umarnin ya yanke. Tun 1989, lokacin da hukumar FDA ta Amurka ta amince da epoetin alfa, ake cike wannan gurbi da allura, wadda a ɗakin wanki kowa ke kira EPO. Hawan jinin kuma ƙwayoyi ake ba shi, sau da yawa iri biyu ko uku a tare, kuma ba dukansu ne ke zaman lafiya da allurar ba.

Matsayata tun daga farko ita ce: lallai akwai magungunan hawan jini da ke rage wa EPO ƙarfi, amma ragin kaɗan ne ga yawancin mutane, bai kai a jefar da maganin da ke kare zuciya saboda shi ba. Sai dai akwai majinyatan da wannan kaɗan ɗin yake da nauyi a kansu, kuma don su ne ya kamata a san bambancin.

Hanya mafi sauƙi ta gane dangin magani ita ce duba ƙarshen sunansa a jikin kwali. Masu ƙarewa da -pril, irin su lisinopril, enalapril, ramipril da captopril, dangi ɗaya ne. Masu ƙarewa da -sartan, irin su losartan, valsartan da telmisartan, dangi na biyu. Amlodipine da nifedipine su ne 'yan -dipine. Atenolol, metoprolol da carvedilol kuma 'yan -lol.

Dangin -pril: inda zargin ya fi ƙarfi

Jiki yana da wani sinadari mai suna angiotensin II, aikinsa da aka fi sani shi ne matse jijiyoyin jini. Magungunan -pril suna toshe sinadarin ACE da ke samar da shi, jijiyoyi su saki, jini ya sauka. Amma angiotensin II yana da wani aikin a gefe: yana zuga ƙoda ta saki erythropoietin, kuma yana zuga ƙananan ƙwayoyin ɓargo su girma su zama jajayen ƙwayoyin jini. Duk wanda ya rage shi ya rage wannan zugar.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi shafar mai wankin ƙoda. A cikin jini akwai wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira Ac-SDKP, wanda ke taka wa ɓargo burki don kada uwayen ƙwayoyin jini su yi ta rabuwa ba tsayawa. ACE ne ke narkar da shi, ragowar kuma ƙoda ta fitar. Idan mutum ya sha -pril, yawan Ac-SDKP a jininsa yakan ninka kusan sau biyar. Ga wanda ƙodarsa ba ta aiki an rufe ƙofa biyu ke nan, babu mai narkarwa, babu mai fitarwa. Sai burkin ya taru, allurar EPO tana tura ɓargo gaba, shi yana riƙe shi.

Wannan ba zance ne na ɗakin gwaji kawai ba. Likitoci suna amfani da wannan hali da gangan. Wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda jininsu yakan yi yawa fiye da kima, PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi cikin 100 na jini, ya haura 51, kuma maganin farko da ake ba su shi ne enalapril ko losartan, jinin ya sauko cikin 'yan watanni. A birnin La Paz na ƙasar Bolibiya, inda tsananin tudu ke sa jinin wasu mazauna ya yi kauri, wani gwaji da aka wallafa a 2002 ya nuna ƙaramin awo na enalapril yana sauke PCV ɗinsu. A babban gwajin SOLVD na masu gazawar zuciya ma, waɗanda suka sha enalapril sun fi sauran samun sabon ƙarancin jini, duk da cewa maganin ya tsawaita rayuwarsu. Maganin da ake rage yawan jini da shi idan ya wuce kima, ba abin mamaki ba ne a zarge shi idan yawan jini ya ƙi ƙaruwa.

To amma da aka zo kan masu wankin ƙoda su kansu, sai sakamako ya rabu. Wani bincike na 1998 ya kwatanta masu shan enalapril mai yawa da masu shan nifedipine, ya samu 'yan enalapril suna buƙatar EPO fiye da sauran kafin su riƙe jini iri ɗaya. A 2000 wani binciken a Amurka, wanda ya gwada mutane da maganin da kuma ba tare da shi ba, bai ga wani bambanci ba. Haka aka yi ta samu tun daga lokacin, wannan ya ce akwai, wancan ya ce babu, kuma galibin binciken ƙanana ne.

A ganina rabuwar tana da dalili. Mai wankin ƙoda da ya daɗe, ƙodarsa ta riga ta daina samar da erythropoietin mai yawa, don haka hanyar farko ba ta da abin da za ta rage. Saura hanyar ɓargo kaɗai, ita kuma EPO na allura yana da yawan da sau da yawa yakan danne ta. Ga kuma batun awo: wanda ke shan ɗan kaɗan ba daidai yake da wanda ke shan mai yawa ba. Sannan injin wanki yana ɗebe yawancin 'yan -pril daga jini, lisinopril da enalapril da captopril da ramipril duka, fosinopril kuwa yana tsira. Wanda ya sha ƙwayarsa da safe ya hau inji, wani ɓangarenta a matatar injin zai ƙare, shi ya sa ake cewa a sha bayan an sauka. Mutum biyu da takardarsu ke ɗauke da magani iri ɗaya, abin da ke yawo a jininsu zai iya bambanta ƙwarai.

Akwai wasu wurare biyu da -pril ke karo da maganin ƙarancin jini, waɗanda ba a cika faɗa wa majinyaci ba. Na ɗaya, allurar ayon. EPO ba ya aiki idan babu sinadarin ƙarfe, wato ayon, kuma masu wanki ta jijiya ake ba su shi. Takardar gargaɗin da ke tare da iron dextran ta ambaci cewa shan -pril na iya ƙara haɗarin jiki ya yi mummunan bore ga allurar. Sabbin nau'o'in ayon, kamar iron sucrose, sun fi sauƙi ta wannan fuska, amma duk wanda za a fara yi wa ayon ya kamata ma'aikaciyar jinya ta san yana shan -pril. Na biyu, matatar injin. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa matata mai suna AN69, idan ta haɗu da jinin mai shan -pril, tana iya haddasa kumburin fuska, toshewar numfashi da faɗuwar jini cikin mintunan farko na wanki, saboda taruwar sinadarin bradykinin, wanda shi ma ACE ne ke narkar da shi. An gyara fuskar matatar daga baya, amma har yanzu ana kiyaye haɗa su. Shi wannan bradykinin ɗin ne ke kawo busasshen tarin nan da ke hana wasu masu shan lisinopril barci.

Sai fotasiyam, sinadarin da ake samu a abinci wanda ƙoda ce ke fitar da rararsa. Mai wanki da ba ya fitsari, ta hanji yake rage wani ɓangare na fotasiyam tsakanin wanki da wanki, kuma -pril na iya rage wannan fitar. Fotasiyam idan ya hau sosai zuciya yake tsayarwa. Ya haɗu da batunmu ta nan: jinin leda da aka daɗe da ajiyewa yana ɗauke da fotasiyam mai yawa, shi ya sa ake son a yi wa mai wanki ƙarin jini yana kan inji.

Dangin -sartan: rabin matsalar

'Yan -sartan ba sa taɓa ACE. Suna barin angiotensin II ya samu, sai su tare masa ƙofar da yake shiga ya yi aiki. Saboda haka Ac-SDKP ba ya taruwa, bradykinin ma haka, tari ba ya damun mai shan su, kuma haɗarin da ke tattare da AN69 ya ragu sosai. Abin da ya rage shi ne ƙofar da suka tare tana nan a jikin ƙwayoyin ɓargo ma, don haka ba a wanke su tas ba. A gwajin RENAAL na masu ciwon suga da ciwon ƙoda waɗanda ba su kai ga wanki ba, losartan ya sauke Hb, wato haemoglobin da ake auna ƙarancin jini da shi, kaɗan, kuma duk da haka ya jinkirta mutuwar ƙoda. A cikin masu wanki kuwa, ƙananan binciken da aka yi da losartan galibi ba su nuna ƙarin buƙatar EPO mai yawa ba.

Inji ba ya wanke su, don haka yawansu a jini ba ya hawa da sauka da ranakun wanki. Wannan alheri ne ga wanda jininsa ke hawa a kan inji, kuma matsala ce ga wanda jininsa ke faɗuwa ana tsakiyar wanki. Batun fotasiyam kuwa duk kanwar ja ce, su da 'yan -pril. Haɗa -pril da -sartan a tare yana ƙara sauke Hb, ya ƙara ɗaga fotasiyam, kuma ba abu ne da ake yi haka kawai ba. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikin dangin biyu.

Amlodipine da 'yan uwansa

Nan zancen gajere ne, domin ba su da ruwa da ɓargo. Ba sa taɓa angiotensin, ba sa ɗaga fotasiyam, inji ba ya ɗebe su, kuma suna aiki ko da jiki na ɗauke da ruwa. A binciken da ake kwatanta tasirin magani a kan EPO, su ake yawan sakawa a matsayin ma'auni saboda wannan. Wani gwaji a Jamus da aka wallafa a 2008, mai mutum 251, ya nuna amlodipine ya rage haɗakar mutuwa da matsalolin zuciya da jijiya, ko da yake ragin mutuwa ita kaɗai bai kai matakin tabbaci ba.

Aibinsa kumburin ƙafa. Ga mai wanki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da ƙafar ake duba ko akwai ragowar ruwa. A danna idon sawu da yatsa, a ga rami ya zauna, a ce ruwa ne, a ƙara yawan abin da inji zai zare, mutum ya yi ta fama da murɗewar tsoka da jiri, alhali amlodipine ne ya kumbura ƙafar. Yakan kuma sa dasashi ya yi kauri ga wasu.

Dangin -lol

Su ma ba a san su da hana EPO aiki ba. Suna ɗan rage sinadarin renin, wanda shi ne farkon sarƙar da ke kai wa ga angiotensin, amma ba a ga hakan ya zama matsalar jini a aikace ba. Abin da ya ɗaga darajarsu a ɗakin wanki shi ne gwajin HDPAL da aka yi a Indianapolis ta Amurka, aka wallafa a 2014. An ɗauki masu wanki 200 masu hawan jini da kaurin bangon zuciya, aka ba rabi atenolol, rabi lisinopril, sau uku a mako bayan wanki. Ba a kai ƙarshe ba aka dakatar da gwajin, saboda 'yan lisinopril sun fi samun manyan matsalolin zuciya da kwanciya asibiti. Atenolol ya kuma fi sauke hawan jinin da ake aunawa a gida. Gwaji ne na cibiya ɗaya, kuma mafi yawan mahalartansa baƙaƙen fata ne, waɗanda dama an san -pril shi kaɗai bai cika sauke musu jini sosai ba. Wannan ya rage ƙarfin ɗora sakamakon a kan kowa, amma ga mai karatu baƙar fata ya ƙara masa ma'ana ne.

Ga mai gazawar zuciya kuma akwai carvedilol. Wani gwaji a Italiya, mai mutum 114 da zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni, ya nuna a 2003 cewa waɗanda suka sha shi sun fi rayuwa bayan shekara 2. Carvedilol inji ba ya ɗebe shi, atenolol da metoprolol kuwa yana ɗebe su.

Inda -lol ke taɓa ƙarancin jini wani wuri ne na daban. Mutumin da jininsa ya yi ƙaranci, zuciyarsa takan ƙara sauri don ta rama, kuma wannan saurin alama ce da ke sa a farga. Atenolol yana danne saurin. Wanda ke zubar da jini ta hanji a ɓoye yana iya zuwa da bugun zuciya 64 a minti, kamar lafiya lau. Gajiyar da maganin ke kawowa kuma tana kama da gajiyar ƙarancin jini, har a rasa wanne ne wanne sai an auna. Haka nan idan jiki ya yi bore ga allurar ayon, -lol yana iya rage wa adrenaline, wadda da ita ake ceto, ƙarfin aiki.

Tsofaffin magunguna

Methyldopa na buƙatar a ambace shi da suna, domin shi ne maganin hawan jinin da ke iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu shan sa na tsawon lokaci gwajin Coombs nasu yakan nuna garkuwar jiki ta fara manne wa ƙwayoyin jininsu, ko da yake ƙasa da kashi 1 ne ke kai wa ga farfashewar gaske. Ko bai farfasa ba, yana iya wahalar da ɗakin gwaji wurin nemo jinin da ya dace idan ana son ƙari. In ban da mai juna biyu, ban ga dalilin ba mai wanki da ke fama da ƙarancin jini methyldopa ba alhali akwai wasu. Hydralazine, idan aka daɗe ana sha da yawa, yana iya tayar da ciwo mai kama da lupus, inda garkuwar jiki ke afka wa jikin da kansa, kuma duk kumburin cikin jiki yana toshe amfani da ayon. Minoxidil yana da ƙarfi sosai amma yana tara ruwa, har a jakar zuciya. Spironolactone an sa masa rai shekaru da dama, sai manyan gwaje-gwaje biyu, ALCHEMIST da ACHIEVE, suka kasa nuna yana rage mutuwar zuciya ga masu wanki.

Ta ɗaya ɓangaren abin ya fi tsanani

Duk abin da aka faɗa a sama game da ƙwaya tana rage wa allura ƙarfi bai kai wannan ba: ita allurar tana ɗaga hawan jini, kuma hawan jinin da ya ƙi sauka yana hana a yi ta gaba ɗaya. Kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa EPO sukan samu hawan jini ko nasu ya ƙaru. Jini yana ƙara kauri, jijiyoyin da suka saki saboda ƙarancin iskar oksijin suna komawa su matse, kuma EPO da kansa yana taɓa bangon jijiya. A shekarun farko, lokacin da ake ɗaga Hb da gaggawa, an ga masu jijjiga da ruɗewar ƙwaƙwalwa saboda haka. Takardar kowane nau'in EPO, har da darbepoetin da ya fito a 2001, ta hana a yi wa wanda hawan jininsa bai daidaita ba. Sababbin ƙwayoyin da ake haɗiya a madadin allura, irin su roxadustat da China ta fara amincewa da shi a 2018 da daprodustat da Amurka ta amince da shi a 2023, su ma ba su kuɓuta daga gargaɗin hawan jini ba.

A aikace ga yadda abin ke kasancewa. An fito da allura daga firji, an ɗaura abin awo a hannun da ba shi da jijiyar wanki, ya nuna 195 bisa 110. Sai a mayar da allurar, a rubuta an ɗage. Idan haka ta faru sau uku ko huɗu a wata, Hb na wata mai zuwa zai faɗi fiye da duk abin da lisinopril zai iya jawowa. Saboda haka maganin hawan jinin da ya fi taimakon ƙarancin jini shi ne wanda ya sauke hawan jinin da gaske, ko daga wane dangi yake. Wanda ya ajiye lisinopril da kansa don ya ji yana rage jini, ya bar hawan jini ya tashi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kuma ba a gyara lamarin da yi ta ƙara EPO ba iyaka. A 1998 aka wallafa gwajin masu wanki 1,233 masu ciwon zuciya, inda aka nemi kai PCV na rabinsu 42, sauran a bar su a 30. An dakatar da shi saboda mutuwa ta fi yawa a ɓangaren da aka ɗaga. Gwajin TREAT na 2009, mai mutum sama da 4,000 da ba su fara wanki ba, ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta kusa ninkawa ga masu karɓar darbepoetin. Daga nan ƙa'idar 2012 ta KDIGO, ƙungiyar duniya mai fitar da ƙa'idojin jinyar ƙoda, ta ce a fara EPO ga mai wanki idan Hb na tsakanin 9 da 10, kada a saba riƙe shi sama da 11.5, kuma kada a kai shi 13 da gangan. Wannan ne ya sa ƙaramin tasirin -pril yake da muhimmanci ga wanda dama yake karɓar EPO mai yawa: kowane ƙari yana da haɗarinsa.

Kafin a zargi kowace ƙwaya, a duba ruwa. Gwajin DRIP na 2009 ya nuna rage nauyin da ake sauke majinyaci a kai da kusan kilo 1, a hankali cikin makonni, ya sauke lambar sama ta hawan jini da kusan maki 7 ba tare da ƙarin magani ba. A cibiyar Tassin ta Faransa, inda aka daɗe ana wanki na awa 8 sau uku a mako tare da rage gishiri, yawancin majinyata sun daina shan maganin hawan jini baki ɗaya. Ruwan kuma yana tsinka jini: Hb da aka ɗiba kafin wanki, bayan dogon hutun ƙarshen mako, yakan fito ƙasa da na tsakiyar mako. Mai ɗauke da ragowar lita 3 yana iya ganin hawan jini da ƙaramin Hb a takarda ɗaya, kuma dalilinsu ɗaya.

To wa zai sha wanne?

Mai wankin ciki, wato wanda ake zuba wa ruwa ta roba a ciki, da duk wanda har yanzu yake fitsari mai ɗan yawa, -pril ko -sartan ya fi dacewa da shi. Wani gwaji a Hong Kong a 2003 ya nuna ramipril yana jinkirta mutuwar ragowar aikin ƙoda ga masu wankin ciki, an kuma samu irin haka da valsartan a Japan. Ragowar aikin nan tana fitar da ruwa da guba dare da rana, kuma masu ita sukan buƙaci EPO kaɗan. Ko maganin ya ci wani abu daga Hb, abin da ya adana ya fi. Haka wanda zuciyarsa ta yi rauni wurin tura jini: carvedilol tare da -pril ko -sartan, a biya da ɗan ƙarin EPO idan ta kama, a riƙa duba fotasiyam.

Wanda ya shekara da shekaru a kan inji, fitsari ya ƙafe, zuciya ba ta gaza ba, hujjar ba shi -pril ta yi rauni. Babu ƙodar da za a kare, kuma gwajin FOSIDIAL na Faransa, mai mutum 397, bai tabbatar da cewa fosinopril ya rage matsalolin zuciya ba. Idan irin wannan mutum yana fama da Hb da ya ƙi tashi ko fotasiyam da ke yawan hawa, ni atenolol ko carvedilol zan fi karkata gare shi, a ƙara amlodipine idan bai isa ba. Mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya kuwa a fara masa da amlodipine. Mai jiran dashen ƙoda yana da ƙarin dalilin kiyaye duk abin da zai sauke masa Hb, domin kowace ledar jini da aka ƙara masa tana iya sa garkuwar jikinsa ta ƙi ƙodar da za a samo.

Wanda kuma yake shan lisinopril shekaru, hawan jininsa daidai, Hb na zaune a 10 zuwa 11 da EPO madaidaici, a bar shi yadda yake. Babu abin gyarawa.

Idan Hb ya ƙi hawa duk da allura, -pril yana can ƙasan jerin waɗanda ake tuhuma. Ayon ne a gaba. Gwajin PIVOTAL na Birtaniya, mai mutum 2,141, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna ba da iron sucrose a kai a kai ba tare da jiran ya ƙare ba ya rage buƙatar EPO da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ya rage ƙarin jini. Babu wani canjin maganin hawan jini da aka nuna ya yi irin wannan. Bayan ayon sai a duba ƙwayar cuta, musamman ga mai robar wuya, wato robar da ake sakawa a jijiyar wuya don wanki, da wankin da bai isa ba ko ake tsallakewa, da zubar jini ta hanji ko jinin da ke daskarewa a matata, da hawan PTH, sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jiki, da ƙarancin folic acid ko B12, da ciwon sikila ko makamancinsa. A kuma tabbatar allurar ba ta yi zafi a hanya ba, don EPO a firji yake zama. Yin epoetin a ƙarƙashin fata maimakon ta jijiya ma yana rage awon da ake buƙata da kusan kashi 30 cikin 100.

Sai an share waɗannan ne likita zai gwada canza -pril, ko dai zuwa -sartan idan ana son a ci gaba da kare zuciya, ko zuwa amlodipine idan ana son a cire shakku gaba ɗaya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba. Kuma a yi haƙuri da sakamako. Jan ƙwayar jini takan yi kwana 120 a jikin mai lafiya, a jikin mai wanki kuwa wata 2 zuwa 3, saboda haka Hb na mako biyu bayan canji ba ya nuna komai. A riƙa auna hawan jini a gida safe da yamma a ranakun da ba a wanki, a rubuta, a auna Hb a rana iri ɗaya ta mako kowane wata. Idan bayan wata 3 awon EPO bai ragu ba kuma Hb bai motsa ba, -pril ba shi da laifi, kuma idan akwai dalilin zuciya da ya sa aka fara ba da shi, sai a mayar da shi.